Ƙwayar Hana Shan Giya da Na Ce Maganin Ciki Ce

Edita, ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Tsoho ne ya rubuto ta, kuma ya daɗe yana riƙe da abin a ransa. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba.

Ni ɗan malami ne daga wani ƙauye a ƙasar Kiru. A lokacin da wannan abu ya faru saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, ina da shekara ashirin da bakwai, ina helma, wato shugaban leburori, a barikin haƙar kuza da ke Riruwai, can bayan Doguwa cikin duwatsu. Na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, na kuma tsinci boko a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ina ganin kaina wani ne. Ina da keke, ina da agogon hannu wanda nake yawan dubawa ko ba ni da inda za ni. Idan na zo gida hutu mutane sukan nuna ni ga 'ya'yansu su ce ga irin ɗan da ake so, in kuwa Malam, wato mahaifina, ya yi tafiya, ni ake turawa gaba in ja salla. Abin da ba su sani ba shi ne, wannan limamin nasu na wucin gadi mashayi ne, wanda da safe ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa sai ya kurɓa.

Yadda na fara ba wani abin mamaki ba ne. Aikin kuza aikin ruwa ne, mutum yakan wuni tsaye cikin laka har gwiwa, sanyin duwatsun nan kuwa yana shiga har ƙashi. Wani abokin aikina ya ce ƙoƙo ɗaya na burkutu yana korar sanyi, ni kuwa na ce ai magani zan sha. Daga ƙoƙo ɗaya na koma uku, daga burkutu na koma wata fara kamar ruwa da ake dafawa a ɓoye, mai ƙona maƙogwaro. Kullum ina ce wa kaina ranar da na ga dama zan bari, damar kuwa ta ƙi zuwa. Matata ta fari ta yi haƙuri shekara biyu, ran nan ta ce in sawwaƙe mata. Ta koma gidansu a Tudun Wada, aka yi ta tambayarta dalili, ta ce zaman bariki ne bai karɓe ta ba. Har ta bar duniya ban ji ta tona mini asiri ba, ni kuwa a lokacin haushinta ma nake ji.

Wata rana Baturen wurin ya ji wari a bakina ya yi mini kashedi, sai na yi niyyar bari da ƙarfin tsiya. Na yi kwana biyu ban sha ba. A rana ta uku ina tsaye bakin rami jikina ya ɗauki karkarwa, na ga ƙasa ta cika da wasu ƙwari da babu mai ganinsu sai ni, daga nan ban san inda kaina yake ba. An ce na faɗi ina shure-shure har na ciji harshena. Leburori suka ce iska ce, amma Baturen ya san ko wace irin iska ce. Bai wulaƙanta ni ba, ya rubuta takarda ya ce a kai ni asibiti a birnin Kano, in na warke kuma in nemi wata sana'ar da ba ta bariki ba. Kafin a sa ni a mota na roƙi wani mutumin garinmu ya kai saƙo gida cewa ciwon ciki ne ya kayar da ni, kuma kada kowa ya wahalar da kansa zuwa dubiya.

A asibitin an ware wani ɗaki a ƙarshen ɓangaren maza don irinmu. Na tarar da mutum uku: wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da shan wiwi, da wani malamin disfensare da ya saba yi wa kansa allurar kashe zafi har ta zame masa abinci, da wani direban babbar mota mai irin ciwona. Kowa ya san abin da ya kawo ɗan'uwansa, shi ya sa babu mai kallon wani ido cikin ido. Kwana goma na fari ban san daɗin duniya ba. Ana ba ni wani ruwa mai ɗan karen wari don kwantar da karkarwa, warin har a numfashina yake fita, ga allurar ƙarin ƙarfi, ga abinci a kan lokaci ko ina so ko ba na so. Da na dawo cikin hayyacina likita ya zaunar da ni, wani dattijon malamin asibiti, Bakano, yana yi mana tafinta. Ya ce fitar da giya daga jiki shi ne mai sauƙi, kuma an gama shi, babban aikin shi ne hana ta komawa. Ya ce akwai allurar da ake yi wa mutum sannan a ba shi giya ya kurɓa, ya yi ta amai, a yi ta maimaitawa har ya zama warinta kaɗai yana tayar masa da zuciya. Direban nan ita ya zaɓa, na kuma sha jin kakarinsa ta bango, saboda haka ban ko tsaya tunani a kanta ba. Ya ce ina iya zama a wurinsu wata uku, ina aikin lambu tare da sauran, muna zama da shi yana jin abin da ke damuna, kamar yadda ake yi wa sojan da malamin disfensaren, wanda shi a hankali ake rage masa tasa allurar. Wannan ita ya fi so mini. Sai kuma wata sabuwar ƙwaya da ba ta daɗe da zuwa ba, wadda ake sha ɗaya kowace safiya a gida, mutum ya riƙa dawowa duk ƙarshen wata a duba shi.

Ƙwayar na zaɓa. Da na ce don hankali na zaɓe ta da na yi ƙarya, na zaɓe ta ne don ita za ta fi saurin fitar da ni kafin wani ɗan garinmu ya zo dubiya ya ga ɗakin da aka ajiye ni. Likita ya bayyana mini cewa ita wannan ƙwaya ba ta yi wa mutum komai muddin bai sha giya ba, in kuwa ya sha, jikinsa zai juya masa baya. Don kada in ɗauka barazana ce, bayan na sha ta kwana uku sai suka kwantar da ni, suka ba ni giya cikin wani ɗan kofi da bai fi makurwa biyu ba. Edita, ban taɓa ganin mutuwa kusa kamar ran nan ba. Fuskata ta ɗauki zafi kamar an kifa ni a kan murhu, zuciyata tana dukan ƙirjina, kaina kamar zai tsage, numfashi ya gagara, na yi amai har na rasa abin amayarwa. Da na farfaɗo likita ya ce wannan makurwa biyu ce kawai, a jikin saurayi, kuma a gaban likita. Ya ce tsoho ko mai raunin zuciya yana iya tafiya ke nan, kuma ko an daina shan ƙwayar ƙarfinta yana nan a jiki har kwanaki. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada in ba kowa, sannan in damƙa gwangwanin ƙwayar a hannun wani babba a gidanmu wanda nake jin nauyinsa, in gaya masa gaskiyar abin da take yi, shi zai riƙa ba ni yana gani ina haɗiyewa. Da zan fita malamin asibitin ya biyo ni har bakin ƙofa ya ƙara nasa.

"Na san halin mutanenmu," in ji shi. "Magani in ya yi wa mutum ɗaya aiki sai ya zagaye gari. Wannan ba irinsa ba ne, ka ji na gaya maka."

Na ce na ji. Na kuwa ji, sai dai da na isa gida rabin umarnin na bi. Na damƙa wa Inna, mahaifiyata, gwangwanin, na ce maganin cikin ne, ta riƙa ba ni ɗaya kowace safiya kada in manta. Ta ajiye shi cikin langa a saman jerenta, tana ɗauko shi da bisimilla kamar wani abin tsarki. Cikin wata biyu na murmure, idona ya washe, na koma gona tare da ƙannena, duk ƙarshen wata in shiga mota zuwa birni in dawo da sabon gwangwani. Inna kuwa ba ta da zance sai na maganin Turawan da ya tayar mata da ɗa. Ita mace ce mai buɗaɗɗen hannu, ɗakinta ba ya rabuwa da saiwoyi da sassaƙe, duk wanda ya ce kansa ko cikinsa sai ta ƙulla masa wani abu. A wurinta, da ma a wurin kowa a garinmu, rowar magani ta fi rowar abinci muni. Na san haka sarai, na kuma ji tana yabon ƙwayar a gaban mata, amma na ce a raina ai babu mai shan giya a cikinsu.

Akwai wani tsoho Bamaguje da ke zaune da iyalinsa a wata tunga, tafiyar kamar sa'a ɗaya daga garinmu. Baba nake ce masa tun ina yaro, haka kuma zan kira shi a nan. Aminin Malam ne tun suna samari. An ce a wata shekarar yunwa, kafin a haife ni, shi ya buɗe rumbunsa ya ciyar da gidanmu har aka ga sabon gero, tun daga nan Malam bai taɓa yarda a faɗi aibinsa a gabansa ba. Addini ya raba su, amma ban taɓa jin sun yi musu a kai ba, sai dai Malam ya tsokane shi ya ce yana nan yana jiran sa a masallaci, shi kuwa ya ce in ya gama noman bana zai zo. Mutanen tungar suna dama giyarsu ta dawa, suna sha a bikinsu da gayyarsu, kowa ya san da haka, ba su kuma ɓoyewa.

Wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbi, Baba ya zo da ƙwaryar zuma kamar yadda ya saba duk kaka. Suna zaune a zaure da Malam, ni ina gefen tabarma ina tufka igiya. Cikin hira Baba ya ce cikinsa ya dame shi bana, kumburi da ƙwannafi, ya sha saiwoyi har ya gaji. Malam ya yi murna kamar wanda ya tsinci abin da zai saka wa amininsa da shi, ya ce ai maganin ciki yana cikin gidan nan, ga wanda ya sha ya warke a zaune. Ya ɗaga murya ya kira Inna, ta zo bakin ƙofar zaure suka gaisa da Baba, ta koma, sai ga ta da ƙwaya bakwai ƙulle a ƙyalle. Ina kallo ta miƙa, ina kallo ya karɓa da hannu biyu yana sa mata albarka. Kalma kaɗan ce ake bukata, in ce kada a ba shi, amma in na faɗa sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa shi ne abin da na yi shekaru ina binnewa, ga kuma Malam zaune da carbinsa. Sai Malam ya juyo ya tambaye ni yaya ake shan ta. Da bakina, Edita, da wannan bakin nawa, na ce ɗaya kowace safiya.

Na lallashi kaina da cewa zan yi masa rakiya in gaya masa a hanya, mu biyu. Na miƙe na ɗauki sandarsa, sai Malam ma ya zura takalmi ya ce shi zai taka wa amininsa. Muka tafi mu uku har bakin rafi, suna ta raha, ni ina biye kamar wanda aka ɗaure wa harshe, muka yi sallama muka juyo. Washegari na ce zan je tungar, sai na tuna duk wanda ya ga ɗan Malam ya nufi inda ake dama giya zai yi tambaya. Ran Juma'a na kama hanya har na wuce rafin, na haɗu da wani mutumin garinmu yana dawowa daga itace, ya tambaye ni ina zuwa, na ce akuya nake nema, muka juyo tare yana taya ni duba akuyar da ba ta ɓata ba. Daga nan na shiga yi wa kaina huɗuba: watakila Baba bai sha ba, tsofaffi ba su yarda da maganin Bature ba, watakila ma mai ciwon ciki ba zai kusanci giya ba. Duk wanda ya taɓa zama mashayi gwani ne wajen irin wannan lissafi, ni kuwa na ƙware.

Ran Asabar da la'asar babban ɗan Baba, magidanci mai furfura a gemu, ya iso ƙofar gidanmu ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce sun yi gayyar sussuka, aka fito da giya kamar kullum, tsohon ya sha ƙoƙo ɗaya, kafin a ce haka ya kama ƙirji, idanunsa suka yi jawur, ya yi ta amai, ya faɗi ba ya motsi har mata suka fara kuka. Ya farfaɗo, amma ko zama ba ya iya yi. Ya ce mutum fiye da ashirin suka sha daga tulu ɗaya babu wanda ko kansa ya sara, abin da kawai ya shiga cikin ubansu wanda bai shiga na kowa ba shi ne ƙullin da aka ba shi a gidan nan. Bai ce guba ba, amma kowa ya ji abin da yake nufi, kafin magariba kuwa zancen ya gama gari, har da masu cewa dama akwai 'yar fadamar da gidajen biyu suke iyaka, wai a kanta aka so kawar da shi.  Malam ya kira ni ya tambaye ni ko akwai wani abu game da maganin nan da ba su sani ba. Na ce ni dai kullum ina sha, ba ya yi mini komai. Gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba.

Da gari ya waye muka tafi tungar mu uku, don Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je. Muka tarar da Baba kwance a ƙarƙashin rumfa an tokare shi da buhu, fuskarsa ta zabge kamar wanda ya yi wata yana jinya. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa suna tsaye, babu mai fara'a. Babban ɗan ya kawo faifai ya ajiye a tsakiya, ƙwaya uku da suka rage suna kai. Inna ta durƙusa ta ɗauki biyu ta jefa a baki ta haɗiye ba ruwa, ta ce in guba ce ta fara da ita. Na san babu abin da zai same ta, saboda haka ko a nan ma na yi shiru, na bar uwata tana rantsuwa da ranta a kan ƙaryata. Aka zauna ana kallonta har rana ta ɗaga, ba ta ko yi tari ba. Sai Baba ya yi magana da 'yar muryar da ta rage masa, ya ce ya gaya musu tun jiya, gidan amininsa ba za a ba shi abin da zai cuce shi ba, sun kunyata shi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ta ukun ya haɗiye don ya rufe bakin kowa. Mutane suka saki jiki, har babban ɗan ya fara ba Malam haƙuri. Na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan na tsira.

Sai ga uwargidan Baba ta fito daga ɗaki da ƙoƙo a hannu yana tururi. Giya ce mai ɗumi da aka sa wa citta, irin wadda suke ba maras lafiya don ya sami ƙarfi. Ta durƙusa ta tallafo kansa. Warin ya bugi hancina, na tuna gadon asibiti da makurwa biyun nan, na dubi ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka da ƙyar. Ban san lokacin da na tashi ba, sai dai na ga hannuna riƙe da ƙoƙon. Na ce kada ya sha, in ya sha zai mutu. Na ce wannan ƙwaya ba ta ciki ba ce, ta hana shan giya ce, ana ba wa mashayin da ya kasa bari, ni ne kuma mashayin. Na faɗi komai, da barikin, da faɗuwar, da ɗakin da aka kwantar da ni, da kashedin likita, da cewa tun ran Laraba na san abin da zai faru. Ina magana ina kallon ƙasa, inda nake ganin ƙafafun Malam kawai, ba su kuwa motsa ba.

Babban ɗan ya yo kaina, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Sannan ya dube ni ya ce in matso.

"Ɗana, ai na sani," in ji shi. "Mutanenmu da ke kai giya barikin kuza sun gaya mini tun shekara uku. Na ce duk wanda ya bari abokina ya ji, ni da shi ne. Da ka raɗa mini a kunne ran nan, wa zai ji?"

Da ya zage ni, ko ya bar ɗansa ya rufe ni da duka, da na fi samun sauƙi. Mutumin da na bari ya doshi kabari don in rufa wa kaina asiri, ashe shi ne ya yi shekara uku yana rufa mini. Na durƙusa a gabansa ina kuka kamar ƙaramin yaro, a gaban mata da jikoki.

A hanyar komawa Inna tana gaba tana share ido da bakin mayafi, ni da Malam muna biye har muka kai rafi. A nan Malam ya tsaya ya yi alwala, ya miƙe, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Giyar da ka sha tsakaninka da Ubangijinka ne, Shi kuwa Mai gafara ne. Amma kwanakin nan da ka yi shiru haƙƙin mutumin can ne, ba ni da ikon yafe maka su."

Daga ran nan gwangwanin ya koma aljihun Malam. Kowace safiya in mun fito daga masallaci sai ya miƙo mini ɗaya, ya tsaya har in haɗiye. Da ƙarshen wata ya yi, shi da kansa ya shiga mota ya raka ni asibiti, mutumin da bai taɓa taka asibiti ba, ya zauna gaban likita ya ce a gaya masa duk abin da ya kamata uba ya sani. Abin da na yi ta gudu ke nan, ga shi ya zo, bai kuwa kashe ni ba. Na gaya wa likita abin da ya sami Baba, ya ce a kawo shi, amma tsohon ya ce shi bai taɓa kwana a birni ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Gari kuwa ya ji komai. Ba a sake tura ni gaba in ja salla ba, na kuma san na cancanci haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Ta kwashe saiwoyinta da sassaƙenta ta zuba a murhu, har ta rasu ba ta sake ba wani ko maganin ciwon kai ba, in an zo nema sai ta ce ba ta da shi.

Baba bai sake riƙe fartanya ba. In ya yi taku goma sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Da damina ta faɗi na je na roƙi 'ya'yansa su bar mini gonarsa ta bayan gida in nome, suka bar mini ba don suna so ba. Yakan sa a kai masa tabarma gindin ɗorawa ya zauna yana kallona, yana tsokanata wai huɗar helma duk a karkace take. Ran nan na ajiye garma na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun a ƙarƙashin rumfa, abu ɗaya kawai yake roƙona, kada in koma, don in na koma to wahalar da ya sha ta tafi a banza. Ya rasu kafin dawar da na shuka masa ta nuna. Na tambayi likita ko ƙwayar ce ta kashe shi, ya ce tsoho ne, ba zai iya cewa e ba, ba kuma zai iya cewa a'a ba. Da wannan amsa nake kwana nake tashi har yau. Na yi shekara biyu ina shan ƙwayar kafin a ce in daina, kuma tun daga gadon asibitin nan giya ba ta sake shiga bakina ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu ina ganin jikokinmu suna shan abubuwan da mu ko sunansu ba mu sani ba, ina kuma jin asibitoci suna da hanyoyin magani da suka fi na zamaninmu yawa da sauƙi. Duk wanda wannan ciwo ya kama ya je, kada ya ce zai bari da ƙarfin tsiya shi kaɗai, ni na gwada na ga inda ya kai ni. In likita ya shimfiɗa masa hanyoyi, ya zaɓi wadda za ta warkar da shi, kada ya zaɓi wadda za ta fi ɓoye shi. Ya kuma tafi da wani nasa, ya gaya masa gaskiya dukanta, don rabin gaskiya ita ta jawo mini abin da na ba ku labari. Iyaye mata masu kirki irin Inna, don Allah maganin da asibiti ya ba wani kada a ƙulla wa wani, ko da ciwon ya yi kama, kada kuma a zuba wa mashayi wani abu a abinci a ɓoye da sunan taimako. Kunya tana da kyau, mu da ita aka raine mu, amma tawa ta kai ni ga zama a gefen tabarma ina tufka igiya ana miƙa wa aminin ubana abin da na san zai iya kashe shi. Na kama bakina don kada mutum ɗaya ya san ko ni wane ne, ga shi yau ina gaya wa duk wanda ya iya karatu. Da na faɗi kalma kaɗan a zauren nan, da watakila Baba ya ci dawar da aka shuka a gonarsa.